Yadda Ɗan Resilin Zai Ari Shigar Jaruman Fim da Katun Ba Tare da Ta Haɗiye Shi Ba

A watan Afrilun 2009, a birnin Houston na Amurka, Rey Mysterio ya fito gaban mutane sama da 70,000 a WrestleMania ta 25, babban taron resilin na shekara-shekara na kamfanin WWE, sanye da kaya irin na Joker, mugun nan mai koren gashi da jan baki da ke gaba da Batman. Karawarsa da JBL a daren ba ta wuce daƙiƙa 21 ba, amma har yau idan masu kallon resilin suka zauna hira, shigar suke fara tunawa kafin su tuna kambun da ya karɓe. A kokawar zamani, wadda ake tsara labarinta da sakamakonta tun kafin a hau dandamali, tufafi na cikin abubuwan da ke ba da labarin, kuma sau da yawa su ne ke fara magana kafin mai su ya buɗe baki. Wannan bayani na matashin da ke koyon sana'ar ne, da telan da za a kawo wa irin wannan aiki, da mai kallon da ke son sanin abin da ake yi kafin a kunna kiɗan shigowa. Hausawa sun ce zanen aro ba ya rufe katara, kuma duk matakan da za su biyo baya dabarun sa shi ya rufe ne.

Ka fara da kanka, kafin ka leƙa fim

Mataki na farko ba a shagon yadi ake yin sa ba. Ka ɗauki takarda ka rubuta, cikin jimla ɗaya, wane ne kai idan ka hau dandamali: jarumin da jama'a ke goyon baya ne, ko mugun da suke ɗokin ganin an kayar, mai tsalle-tsalle ne ko mai ƙarfin tuwo, mai barkwanci ne ko mai ɗaure fuska. Idan ka kasa rubuta wannan jimla, to lokacin aron kayan wani bai yi ba, domin kayan za su zo da halin mai su na asali, kai kuma ba ka da naka da za ka tare shi da shi.

Babu misalin da ya kai na Sting. Ya shafe shekaru a kamfanin resilin na WCW yana fitowa da farin gashi da fenti mai launuka masu haske, yana ihu, yara na son sa. A 1996 labarin wasa ya juya, abokansa suka yi zargin ya ci amanarsu ya bi nWo, ƙungiyar miyagun labarin, shi kuma ya yi fushi ya janye jikinsa. A daidai wannan gaɓa ce abokin sana'arsa Scott Hall ya ba shi shawarar ɗaukar kamannin jarumin fim ɗin The Crow na 1994, wato farar fuska da baƙaƙen layuka da doguwar baƙar riga. Abin lura shi ne labarin ya riga kayan zuwa. Mutumin da aka zalunta, ya daina magana, yana tsaye can saman rufin zauren wasa yana kallon waɗanda suka juya masa baya, shi ne ainihin wanda irin wannan fuska ta dace da shi. Ya fi shekara guda bai yi kokawa ba, har zuwa karawarsa da Hulk Hogan, jagoran nWo, a taron Starrcade a Disamban 1997, kuma jama'a ba su gaji da jiran sa ba.

A shekarar 1996 ɗin dai, kamfanin ya fito da Glacier, wanda aka ƙera shigarsa a kan Sub-Zero na wasan kwamfutar Mortal Kombat. An yi watanni ana tallan zuwansa, an kashe kuɗi a kan sulke da fitilu da ƙanƙarar roba mai zubowa daga sama, amma da aka cire waɗannan ba a sami wani mutum a ƙarƙashi da mai kallo zai so ko ya ƙi ba. Ina ganin ba ƙarancin gwaninta ne ya kayar da shi ba, an fara ginin ne daga rufi.

Saboda haka, da ka san wane ne kai, sai ka jero jarumai uku ko huɗu da kake matuƙar ƙauna, ka zaɓi wanda halinsa ya fi kusa da naka. Ka guji ɗaukar abu don kawai shi ake yayi a wannan watan. Masu kallo suna gane wanda ya san abin da ya sa a jikinsa. Kenny Omega ya daɗe yana buga wasannin kwamfuta kafin ya sa wa makamansa na kayar da abokin karawa sunaye daga Final Fantasy da Street Fighter, shi ya sa ranar da ya shiga zauren Tokyo Dome na Japan da shigar Sephiroth, mugun Final Fantasy, a Janairun 2023 babu wanda ya ce kwaikwayo yake yi.

Na dare ɗaya ne ko na zama?

Mataki na biyu shi ne ka yanke wa aron wa'adi, domin hanyoyin biyu ne kuma kowace da tsadarta. Akwai shigar babbar rana, irin wadda Rey Mysterio ya mayar al'ada: Daredevil a 2003, Flash a 2004, Captain America a 2011. Haka 'yan New Day, cikinsu har da Kofi Kingston haifaffen Kumasi, suka fito daga cikin wani ƙaton kwalin abincin karin kumallo a 2016 sanye da sulken jaruman katun ɗin Dragon Ball Z. Washegari kowa ya koma kayansa na kullum. Irin wannan aro yana armashi ne saboda ba a saba ganin sa ba, kuma wanda ya mayar da shi na kowane mako zai tarar ya zama gishirin da ya yi yawa a miya. Sau biyu ko uku a shekara ya isa.

Hanya ta biyu ita ce mutum ya zama jarumin ɗungurungum. A Japan aka fi ƙwarewa a wannan. Satoru Sayama ya fara fitowa a matsayin Tiger Mask a Afrilun 1981, inda ya kara da Dynamite Kid, sunan da fuskar kuwa daga labarin zane aka ɗauko su. Jushin Liger ya fito a 1989 daga wani katun na Go Nagai, ya kuma riƙe wannan siffa har ya ajiye kokawa a Janairun 2020, lokacin da mafi yawan masu kallo suka manta cewa katun ne asalinta. Wannan hanya ba ta yiwuwa sai da izinin masu abin, wanda ya kawo mu mataki na gaba.

Haƙƙin mallaka

Kowane jarumin fim ko na katun yana da kamfanin da ya mallaki sunansa da tambarinsa, kuma kamfanonin ba sa wasa da dukiyarsu. Sunan Hulk da Hogan ya yi tashe da shi sai da aka ƙulla yarjejeniya a kansa a 1984 da Marvel, kamfanin da ya mallaki jarumin labarin zane mai wannan suna. A 1991 WCW ta sa wa Brad Armstrong kaya masu launin rawaya da shunayya ta kira shi Arachnaman, yana harba zare daga wuyan hannunsa kamar Spider-Man, ba a daɗe ba aka janye shi bayan Marvel ta yi barazanar zuwa kotu. Shigowar da Triple H ya yi da siffar Terminator a 2015 kuwa ta tafi lafiya, domin talla ce da aka shirya tare da masu sabon fim ɗin na shekarar.

Kai da ba ka da babban kamfani a bayanka, ga iyakokin da ya kamata ka tsaya a ciki. Kada ka kira kanka da sunan jarumin, kada ka kwafi tambarinsa yadda yake, kada ka shigo da kiɗan fim ɗin a wasan da za a ɗauka a sa a intanet, kuma kada ka buga riguna ko hotuna masu siffarsa ka sayar. Ka ɗauki launi da fasali da yanayi, ka sa harafin sunanka ko alamarka a gurbin tasa. Wannan ba ya wanke ka gaba ɗaya a gaban shari'a, don haka idan wasan na talabijin ne ko akwai kuɗi mai kauri a ciki, ka nuna wa mai shirya wasan zanen tun da wuri, shi kuma ya tuntuɓi lauya.

Tace shigar, ka zana ta

Mataki na huɗu shi ne wanda masu farawa suka fi yin kuskure a cikinsa, domin suna son a ga komai. Ka ɗora hoton jarumin a gabanka ka tambayi kanka abubuwa uku da, idan aka cire su, ba za a ƙara gane shi ba. Galibi launi biyu ne da alama ɗaya. Su kaɗai za ka ɗauka, ka zuba su a kan irin ɗinkin da aka san ka da shi. Idan dogon wando kake sawa kullum, a ranar ma dogon wandon za ka sa. Rey Mysterio ko wane jarumi ya ara, yankan takunkumin fuskarsa na nan yadda aka san shi, shi ya sa ake cewa ga Rey ya yi shigar Flash, ba a cewa ga wani da kayan Flash.

A taron SummerSlam na 2018 Seth Rollins ya so ya tuna wa jama'a Thanos, mugun da ke da safar hannu ɗaya ta zinariya. Bai sa safar ba, sai ya mayar da takalminsa ɗaya ya zama na zinariya, kuma da ƙafa yake taka kan abokin karawa ya gama da shi. Na fi ganin hikimar wannan takalmi ɗaya a kan sulke goma, domin ya haɗa aron da abin da mai shi ke yi a fage.

Da ka gama zanen gaba da baya, ka shafa masa launi, ka manna shi a bango, ka ja da baya taku goma. Abin da ba ka iya gani daga nan, mai zaune a kujerar ƙarshe ma ba zai gani ba, kuma kuɗin da za a kashe a kansa asara ce. Sannan ka nuna wa mutum biyu, ɗaya ya san fim ɗin, ɗaya bai taɓa jin labarinsa ba. Na farko ya kamata ya gane nan take, na biyu kuma ya ce kayan sun yi kyau ko da bai san tushensu ba.

A nan ne kuma za ka duba garin da za ka yi wasan. Lokacin da Natalya da Lacey Evans suka yi karawar mata ta farko ta WWE a Saudiyya, a Riyad a Oktoban 2019, kayan da suka rufe jiki gaba ɗaya suka sa. Duk shigar da za a iya tsarawa da tsiraici ana iya tsara ta da sutura, kuma alamun addini ko na tsafi da ke jikin wasu jaruman fim ba dole ba ne su biyo ka dandamali.

Kayan shigowa daban, na kokawa daban

Ka raba zanen gida biyu. Alkyabba da kwalkwali da sulken kafaɗa da takobin roba na shigowa ne kawai, daga labule zuwa igiya. Omega ya shiga Tokyo Dome a Janairun 2017 da rabin fuskar ƙarfe da bindigar wasa, ya ajiye su kafin ya shafe fiye da minti 45 yana fafatawa da Kazuchika Okada. A yi irin waɗannan kaya da soso mai tauri maras nauyi, a shafe shi da fenti ya yi kama da ƙarfe, a kuma ɗaure su da abin da ake ɓallewa da ja ɗaya. Ka auna da agogo: idan cire su ya wuce rabin minti, zafin da shigowarka ta tayar zai huce jama'a na kallon ka kana fama da maɗauri.

Dole in tsaya a kan wani abu mai nauyi. A watan Mayun 1999, a Kansas City, Owen Hart ya rasu yana da shekara 34 bayan ya faɗo daga saman zauren wasa, lokacin da ake shirin sauko da shi da igiya cikin shigar Blue Blazer, wani jarumi mai alkyabba. Babu shigowar da ta cancanci ran mutum. Ka bar saukowa daga sama, ka bar wuta, ka bar duk abin da sai ƙwararru sun tsaya a kansa.

Wurin tela

Ba a fafe gora ranar tafiya, don haka ka kai aikin aƙalla mako shida kafin wasa. Ka nemi telan da ya saba da yadi mai roba, irin wanda ke miƙewa ta tsawo da ta faɗi, domin wanda ya ƙware a kaftani da babbar riga kaɗai zai yi maka ɗinki miƙaƙƙe, zaren kuma ya tsinke a tsugunon farko. Irin wannan yadi ɗinki mai lanƙwasa yake so, a kuma maimaita shi sau biyu a tsakanin cinyoyi da ƙarƙashin hamata. A auna ka kana sanye da matashin gwiwa da takalmin da za ka yi wasa da su, a tsaye da kuma a tsugune. A yanka yadin ya ɗan fi jikinka ƙanƙanta don ya kama, a sa masa shafi daga ciki, musamman idan fari ne ko rawaya, saboda gumi da hasken fitila suna tona asirin yadi mai haske. Ƙugun wando ya sami roba da mazagi duka biyun, domin abokin karawa da shi zai riƙa ɗaga ka.

Alamu da haruffa a ɗinka su, kada a dogara da gam. Kada a sa ƙarfe ko dutsen ado mai kaifi ko zik a buɗe a duk inda zai taɓa jikin wani, domin a wannan sana'a lafiyar abokin karawarka amana ce a hannunka, kamar yadda taka take a hannunsa. Idan hali ya yi, a ɗinka wando biyu. Koyon ɗinkin ma ba abin raini ba ne, domin Bianca Belair, duk da matsayinta a WWE, da hannunta take ɗinka kayanta da yawa.

Takunkumi da fenti

Takunkumin fuska ya fi komai buƙatar gwaji. A buɗe ramin ido sosai yadda za ka ga gefe ba tare da juya wuya ba, a bar wa hanci da baki hanya, a ɗaure shi da igiya ta ƙeya yadda 'yan kokawar Meziko ke yi, don kada ya juya idan aka shaƙe ka. A Agustan 1993 WCW ta gabatar da Shockmaster kai tsaye a talabijin, sanye da kwalkwalin sojan Star Wars da aka lulluɓe da ƙyalƙyali. Da ƙyar yake gani, ya fasa bangon da aka shirya masa, ya yi tuntuɓe da katakon da ke ƙasa, ya faɗi, kwalkwalin ya gangara gefe. Fred Ottman, wanda ke cikin shigar, ƙaton ɗan kokawa ne mai gogewa, amma wannan siffa ba ta ƙara tashi ba.

Fenti kuwa, sai wanda aka yi don fatar mutum. Ka shafa kaɗan a damtsenka kwana biyu kafin wasa ka ga ko zai yi maka ƙaiƙayi, ka nisanta shi da ido, ka kuma sani cewa mai narkewa da ruwa zai bi gumi ya koma jikin abokin karawarka. Zanen jiki gaba ɗaya yana cin sa'o'i, sai ka iso da wuri tare da mai yi maka.

Gwajin ƙarshe da ranar wasa

Saura mako guda, ka sa kayan duka ka yi atisaye cikakke: ka ruga cikin igiyoyi, ka faɗi ta baya, ka hau kusurwa, a ɗaga ka a jefar, har sai ka jiƙe da gumi. A ɗauke ka da waya daga nesa ka kalla. Duk inda ya zame ko ya matse ko ya yage, tela na da sauran kwanakin gyarawa. Ka sanar da abokin karawarka abin da za ka sa, kada ku fito da launi ɗaya, ka kuma faɗa wa mai sharhi jimla ɗaya da zai bayyana shigar da ita ga wanda bai gane ba.

Idan ka fito, ka ari tafiyar jarumin ko tsayuwarsa sau ɗaya a bakin labule, ka ba masu hoto daƙiƙa kaɗan, daga nan ka koma kanka. Da zarar an buga ƙararrawa, kokawarka aka zo gani.

Bayan an tashi

Ka fitar da kayan daga jaka a daren, ka juya cikinsu waje, ka wanke da hannu a ruwan sanyi, ka shanya a inuwa, kada dutsen guga ya kusance su. Sannan ka zauna ka kalli wasan, ka saurari inda jama'a suka yi sowa, ka gano wane ɓangaren shigar ne ya jawo ta. Wannan ɓangaren shi za ka riƙe, ka yi ta sauya shi har ya rabu da asalinsa. Prince Devitt ya fito a Tokyo Dome a Janairun 2014 da zanen jiki mai kama da Carnage, wani mugun da ke gaba da Spider-Man, ya ci gaba da gwada wasu siffofi a wasanni daban-daban, da ya koma WWE da sunan Finn Bálor sai ya tattara abin da ya koya ya fitar da dodonsa na kansa mai baƙi da ja da haƙora a wuya, wanda yanzu da shi kaɗai ake danganta shi.

Idan ka kai nan, ka karanta takardar kwantiraginka da kyau kafin ka sa hannu, ka ga wa ya mallaki sunan da siffar. Adolfo Tapia shi ya yi tashe da kayan ƙwarangwal na La Parka a Meziko, amma kamfanin AAA ne ke da haƙƙin sunan, ya kuma ba wani ɗan kokawa shi, har Tapia ya koma amsa sunan L.A. Park. Ka adana zanenka na farko mai ɗauke da kwanan wata, da rasiɗin tela, da hotunan ranar da ka fara sa kayan, ka kuma nemi a rubuta a fili cewa siffar da ka zo da ita taka ce ko bayan ka bar kamfanin.